Nijeriya da Maƙwabtanta a Fagen Kurket: Waiwaye Daga Ƙasar Auduga

Gabatarwa



Na san akwai wanda zai ce, a ƙasar da manomi ke fama da tsadar taki, ɗalibi kuma ke fama da kuɗin makaranta, me ya kai mu ga zancen wasa, wasan ma na kurket, wanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin an yi shi ba? Amsa ita ce, tarihin wasa reshe ne na tarihin mulki da na ilmi. Duk wanda ya bi sawun yadda wani wasa ya shigo ƙasa, ya ga hannun waɗanda ya faɗa da waɗanda ya tsallake, to ya ga yadda aka raba ilmi da dama a wannan ƙasa.

Ga tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa. Tun shekarar 1904 aka yi karawar kurket ta farko tsakanin wani sashe na ƙasar nan da wata ƙasa. Namibiya ba ta shiga Majalisar Kurket ta Duniya ba sai 1992, Afganistan kuwa ba ta ma kafa hukumar wasan ba sai 1995. Amma ga shi Afganistan ta shiga sahun manyan ƙasashe 12 na wannan wasa, Namibiya ta ka da Afirka ta Kudu, alhali Nijeriya har yanzu a cikin masu tasowa ake lissafa ta. Me ya sa wanda ya riga fita ya zama na baya? Abin da zan nuna shi ne, daɗewa da sanin wasa ba ita ke kawo ƙarfi ba. Abu biyu ke kawo shi: maƙwabci mai ƙarfi wanda za a dinga karawa da shi, da kuma talakawa waɗanda suka ɗauki wasan nasu ne. Nijeriya ta shafe kusan shekara ɗari ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Babu kuma inda za a fi ganin haka a fili kamar ƙasar auduga ta kudancin Katsina, watau yankin Funtuwa da Malumfashi.

Yadda Wasan Yake

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bayyana wasan a taƙaice. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani zirin wuri da aka daddaɓe, mai tsawon yadi 22, an kafa turaka uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yana auna turakan da wata ƙwallo mai tauri, mai bugu kuma yana kare su da faffaɗar sanda, yana ƙoƙarin tura ƙwallon nesa domin shi da abokinsa su yi gudu tsakanin turakan. Kowane gudu maki ɗaya ne. Idan ƙwallon ta ka da turke, ko aka cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, an fitar da mai bugu ke nan, sai wani ya shigo. In an fitar da mutum 10, sai ɗaya ƙungiyar ta karɓi sanda. Jifa shida shi ne zubi ɗaya. Akwai dogon wasa mai kai wa kwana biyar, da na yini guda mai zubi 50, da kuma gajere mai zubi 20 wanda aka ƙirƙiro a Ingila a 2003, ana gama shi cikin sa'a uku ko makamancin haka. Idan ƙungiyar da ta yi bugu daga baya ta kasa cim ma ta farko, sai a ce an ci ta da maki kaza. Idan kuwa ta zarce, sai a ƙirga mutanenta da suka rage ba a fitar ba, a ce ta ci da mutum kaza.

Ikko da Gwalkwas

Ran 25 ga watan Mayu 1904, watau shekara guda bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato, aka yi karawa a filin sukuwa na Ikko, inda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsakanin mutanen Ikko da na Gwalkwas, ƙasar da muka sani yau da sunan Gana. Gwalkwas ta ci da maki 22. A lokacin ba a ma haɗa Kudu da Arewa ba, sai bayan shekara goma. Karawar ta zama ta shekara-shekara, kuma a wasannin farko Turawa da baƙar fata tare suke yi. Amma daga ƙarshen 1906 sai Turawa suka ware, suka mai da wasan nasu su kaɗai, 'yan ƙasa kuma suka fara tasu karawar a 1907. Wannan rabuwa ta daɗe. A 1932 Turawa suka kafa ƙungiyarsu ta kurket, a 1933 'yan ƙasa suka kafa tasu, ba a sake haɗuwa a fili ɗaya a karawar ƙasashen biyu ba sai 1956, ƙungiyoyin biyu kuma suka narke suka zama ɗaya a 1957.

Abu biyu ya kamata mu lura da su a nan. Na farko, ƙwararrun da ke zuwa daga Ingila a matsayin ma'aikatan mulki, waɗanda za a iya koyon wasan daga gare su, shekara hamsin suka yi suna wasa a gefe guda, 'yan ƙasa suna gefe guda. Na biyu, Gwalkwas ba ta fi Nijeriya ba. Tsara ce, ita ma ɗaliba. Sauran ƙasashen da ke kewaye da mu kuwa, watau Nijar da Dahomi da Cadi da mafi yawan Kamaru, suna hannun Faransa, ita kuwa ba ta kai kurket ko'ina ba. Saboda haka ko bayan samun mulkin kai, abokan karawar Nijeriya su ne Gana da Saliyo da Gambiya. Da aka fara gasar Afirka ta Yamma a 1976, Nijeriya ta yi shekaru tana ɗaukar kofin a jere. Amma da ƙasashen huɗu suka haɗa ƙungiya ɗaya suka tafi gasar ƙananan ƙasashe ta duniya, a Ingila a 1982, a Kenya a 1994, da Malesiya a 1997, ba su kai labari ba. A 2001 ma ba su samu zuwa ba, don Kanada ta hana 'yan wasan takardar izinin shiga. Nan aka gane cewa zakaran da ya saba cara a gida bai san ƙarfin na wani gari ba.

Kwalejin Katsina

To, yaya wasan ya iso Arewa? Ta ƙofar makaranta ya shigo, ƙofar kuwa ƙunƙuntacciya ce. An kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris 1922, da nufin horar da malamai ga lardunan Arewa. An tsara ta bisa tsarin makarantun kwana na manyan Ingila, inda ake ɗaukar wasa a matsayin darasi na tarbiyya, don haka kurket ya shiga cikin abin da ake koya wa ɗalibai. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya shahara da son kurket da kuma wasan fayif, watau ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma a can ya yi karatu, daga 1928 zuwa 1933. A 1938 aka mai da kwalejin Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, inda daga baya ta ɗauki sunan Barewa. A Kudu ma haka abin yake: kurket ya yi ƙarfi ne a Kwalejin Sarki ta Ikko wadda aka kafa a 1909, da kwalejojin gwamnati na Badun da Umuahiya waɗanda aka buɗe a 1929.

Wasanni huɗu Turawa suka kawo ƙasar Katsina a wannan zamani, kuma yana da amfani mu kwatanta makomarsu. Ƙwallon dawaki ta tarar da jama'a masu doki da sanin hawa, ta kuma samu uban gida a fada, domin Sarki Muhammadu Dikko ya rungume ta, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya zama gwani da aka san shi har ƙasashen waje. Wasan fayif ba ya bukatar kome sai bango da 'yar ƙwallo, ga shi kuma Sardauna ya tsaya masa sa'ad da ya zama Firimiya, shi ya sa har yanzu ana yinsa a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. Ƙwallon ƙafa kuwa ko tsumma yara suka dunƙule ya wadatar, ta bi makarantun elementare da barikin soja da layin dogo ta game ƙasa. Kurket shi kaɗai ne ba shi da fada, ba shi da araha. Sandarsa daga wani icce ake sassaƙa ta wanda ba ya fita a ƙasarmu, ƙwallonsa da safar hannu da makarin ƙafa duk sai an yo odarsu daga Ingila, filinsa sai an gyara an daddaɓe, sa'an nan yana bukatar mutum 22 da suka san dokokinsa, waɗanda kuma ke da yini guda na banza. Ɗalibin da ya ƙware a kwaleji, in an tura shi koyarwa ko aikin En'e a wata gunduma, da wa zai yi? Haka wasan ya tsaya a bayan katangar kwaleji da kulob ɗin Turawa. Da Turawan suka fara komawa gida bayan 1960, sai ya yi ta ja da baya.

Auduga ta Tafi, Wasa Bai Zo Ba

Yanzu bari mu sauko kudancin Katsina, domin a nan ne za mu ga bambancin abin da Turawa suka so ya yaɗu da abin da ba su damu ya yaɗu ba.

A 1902 masu masaƙu na lardin Lankasha a Ingila suka kafa ƙungiyar haɓaka noman auduga, B.C.G.A., a birnin Mancesta, wadda manomanmu ke kira Bisije. Dalilinsu shi ne tsoron dogara ga audugar Amurka, domin ba su manta da wahalar da suka sha ba sa'ad da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya tsai da masaƙunsu. Sun sa rai Arewacin Nijeriya zai cike musu gurbi. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, sai noman audugar sayarwa ya tattaru a arewacin Zazzau da kudancin Katsina da wajen Gusau, inda ƙasa ke da laka, ruwan sama kuma ya fi yawa. Aka kawo iri na Amurka mai suna Allen, aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa a shekarun 1920, aka shimfiɗa reshen layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya dire Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Funtuwa, wadda a da ƙaramin gari ce a ƙasar Maska, ta bunƙasa ta zama cibiyar ciniki.

A dubi yadda aka yaɗa wannan auduga. Kyauta ake raba iri, ta hannun hakimai da dagatai, har ya kai ga manomin da ke ƙauyen Bakori ko Ɗanja ko Kafur. An sa malaman gona suna zagayawa. An buɗe fuloti inda za a auna a biya. Watau an ba da iri, an ba da mai koyarwa, an ba da kasuwa. Gwamnatin mulkin mallaka tana bukatar audugar kowane manomi, saboda haka ta nemi kowane manomi. Amma ba ta bukatar ilmin kowane yaro, 'yan kaɗan take so su riƙe mata aji da ofis, don haka makaranta mai zurfi da wasan da ke cikinta suka tsaya ga 'yan kaɗan.

Abin mamakin shi ne, garuruwan da dilolin audugar Funtuwa ke dosa su ne inda kurket ya fi zama wasan talaka a duk Ingila. A 1892 aka kafa gasar Lankasha tsakanin ƙananan garuruwan masaƙu, ana yin wasa ran Asabar da rana bayan an tashi daga aiki, a gama shi kafin duhu, masaƙa da iyalansu su cika fili. Garin Nelson ma har ya ɗauko baƙar fata daga tsibirin Trinidad, Learie Constantine, ya yi musu wasa daga 1929 zuwa 1937, ya zama abin alfaharin garin. Ashe ke nan akwai kurket iri biyu a Ingila, na 'ya'yan manya da na ma'aikata. Wanda aka aiko mana shi ne na 'ya'yan manya, domin masu kawo shi su ne jami'an mulki da malaman kwaleji. Na ma'aikatan, wanda da shi ne zai dace da leburan injin gurza da manomin da ya gama cirar auduga, bai taɓa hawo jirgin da ya kwashi audugar ba.

Ba kuwa don manomin Malumfashi ba ya son wasa ba ne. Ƙasar Hausa tana da lokacin wasanta, watau kaka da rani, sa'ad da amfanin gona ya shiga rumbu, ake kokawa da dambe, yara kuma suna langa a dandali. Rani a ƙasarmu, da busasshiyar ƙasa mai tauri da watannin da ba a ruwa, lokaci ne da ya dace da kurket ƙwarai. Fili akwai, lokaci akwai, samari akwai. Iri ne ba a raba ba.

Amfanin Maƙwabci Mai Ƙarfi

Domin mu gane abin da Nijeriya ta rasa, sai mu leƙa ƙasashe biyu da na ambata da farko, waɗanda suka tashi a gindin manya.

Namibiya ta kasance a ƙarƙashin Afirka ta Kudu daga 1915 har ta samu 'yanci a 1990. Mutanenta ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba a ƙidayar 2023, alhali Jihar Katsina kaɗai ta kai wajen miliyan 5.8 tun a ƙidayar 2006. Amma Namibiya ta yi shekaru tana shiga gasar lardunan Afirka ta Kudu, 'yan wasanta suna shan kashi a hannun waɗanda suka fi su, suna koyo. Ta je Gasar Kofin Duniya a 2003 ba ta ci ko wasa ɗaya ba. A 2022 ta ka da Siri Lanka a gasar duniya ta gajeren wasa. Sa'an nan ran 11 ga Oktoba 2025, a sabon filinta na birnin Winduk, ta kara da Afirka ta Kudu kanta, ta ci ta da mutum 4, a jifan ƙarshe na wasan. Gaskiya ne cewa da yawa daga manyan 'yan wasan Afirka ta Kudu suna Pakistan a lokacin domin wata karawa, amma duk da haka ɗalibi ne ya ka da malaminsa. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Labarin Afganistan ya fi kusa da mu, domin ƙasa ce ta manoma da makiyaya wadda yaƙi ya ɗaiɗaita. Bayan Tarayyar Sobiyet ta mamaye ta a 1979, miliyoyin mutane suka yi gudun hijira zuwa Pakistan, musamman kewayen Feshawar. A sansanonin nan ne yaransu suka ga yaran Pakistan suna kurket a kan titi. Ba kuwa da kayan Ingila suke yi ba. Tun da daɗewa samarin Karaci suka gano cewa in aka naɗe ƙwallon tanis da salatif irin na masu gyaran lantarki, za ta yi gudu kamar ta gaske, ba ta kuma jin ciwo, don haka ba a bukatar makari. Da wannan ƙwallo da guntun katako 'yan gudun hijira suka koyi wasan, suka koma da shi gida. An kafa hukumarsu a 1995, Majalisar Kurket ta Duniya ta karɓe su a ƙaramin mataki a 2001, Pakistan kuma ta bar su suka shiga gasar cikin gida tata. A 2017 aka ɗaga su zuwa sahun manya tare da Ayalan. Ran 23 ga Oktoba 2023, a birnin Cennai na Indiya, cikin Gasar Kofin Duniya, Pakistan ta tara maki 282, Afganistan ta zarce ta da mutum 8 a hannu. Wannan shi ne karo na farko da ta ci maƙwabciyarta a wasan yini guda.

Kada a ɗauka maƙwabtakar nan zuma ce zalla. A watan Oktoba 2025 Afganistan ta janye daga wata gasa da aka shirya a Pakistan saboda rikicin kan iyaka, kuma tun da 'yan Taliban suka karɓi mulki a 2021 an hana matan ƙasar wasa. Amma dangane da tambayarmu, darasin a fili yake. Namibiya ta samu maƙwabci, Afganistan ta samu maƙwabci ta kuma samu talakawa. Kenya kuwa gargaɗi ce: ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2003, amma da yake wasan ya tsaya ga 'yan kulob-kulob na Nairobi da Mombasa, da gwanayen wannan zamani suka tsufa ba a samu magada ba, har ta rasa matsayinta na wasan yini guda a 2014.

Nijeriya Tun Daga 2002

A 2002 Nijeriya ta shiga Majalisar Kurket ta Duniya da sunan kanta. Abin da wannan ya canza shi ne ma'anar maƙwabtaka. Tsarin gasannin share fage na nahiya ya sa dole ta dinga fuskantar Kenya da Yuganda da Namibiya, watau jirgin sama ya kawo mata maƙwabtan da taswira ta hana ta. A 2013 ta ɗauki kofin rukuni na bakwai na gasar duniya a Botsuwana.

Shekarar da ta fi muhimmanci ita ce 2019, lokacin da Farfesa Yahaya Adam Ukwenya, likitan fiɗa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ke shugabancin hukumar kurket ta ƙasa. A watan Maris samarin Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka je Winduk, suka ci Namibiya a gidanta, suka ci Yuganda da Kenya da Tanzaniya da Saliyo, suka samu gurbin zuwa gasar duniya, karo na farko a tarihin ƙasar nan. A watan Oktoba na shekarar, manyan 'yan wasa suka samu shiga gasar share fage a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a madadin Zimbabuwe wadda aka dakatar, suka yi wasa shida ba su ci ko ɗaya ba. Samarin ma da suka isa Afirka ta Kudu a farkon 2020 sun ga tazarar da ke tsakani: Ostareliya ta fitar da su duka a kan maki 61, ƙungiyar tsibiran Karebiyan a kan 57, Ingila a kan 58. Sun dai ci Jafan, suka zo na 15 cikin 16. Wannan ba abin kunya ba ne. Irin kashin da Namibiya ta sha ke nan a 2003, kuma shi ne kuɗin makarantar da Nijeriya ba ta samu damar biya ba tun 1904.

'Yan mata ne suka fara nuna amfanin karatun. A Wasannin Afirka da aka yi a Akara a watan Maris 2024, matan Nijeriya suka ci Yuganda suka ɗauki lambar tagulla. Ran 20 ga Janairu 2025, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a Malesiya, 'yan matan Nijeriya suka tara maki 65 a wasan da ruwan sama ya gajarta, suka tsare Niyu Zilan a kan 63, suka ci ta da maki 2. Niyu Zilan kuwa tana cikin manyan ƙasashe 12. Afirka ta Kudu ta ci su a wasa na gaba, amma sun wuce zagaye na biyu, inda suka ci Ayalan. Da yawa daga cikin yaran nan daga makarantun gwamnati suka fito, musamman a Jihar Edo, inda aka kai wasan aji-aji. Watau inda aka raba iri, ya tsiro.

Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa matsalar maƙwabci ta fara warwarewa. Wadda ta rage ita ce ta talakawa, ita kuwa ba a Dubai ko Abuja za a warware ta ba, sai a makarantun gundumomi. Arewa, wadda shugabanninta na farko suka riƙe sandar kurket a Katsina shekara ɗari da suka wuce, bai kamata ta zama 'yar kallo ba, musamman da yake an mai da wasan cikin gasar Olamfik da za a yi a Los Anjalis a 2028, bayan rabonsa da ita tun 1900.

Abubuwan da suka hana wasan yaɗuwa a da sun ragu. Gajeren wasa ya kau da matsalar yini guda. Ƙwallon tanis da salatif sun kau da matsalar tsada, kafintan Funtuwa kuma zai iya sassaƙa sandar da yaro zai fara da ita. Hanyar yaɗawa ma ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, domin a nan ne aka gudanar da Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa daga 1975, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da Gombe, wanda ginshiƙinsa shi ne malamin gona ya je ya iske manomi a gonarsa. Malamin wasa ma haka ya kamata ya je ya iske yaro a makarantarsa, sa'an nan a shirya karawa a kai a kai, Funtuwa da Malumfashi, wanda ya ci ya je Zariya ko Kaduna ya gamu da wanda ya fi shi.

Amma akwai sharaɗi guda wanda ya fi duk waɗannan nauyi. A watan Disamba 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, a cikin wannan yanki da muke magana a kansa. Makarantar da iyaye ke tsoron barin 'ya'yansu su kwana a cikinta ba za ta yi wasan la'asar ba. Saboda haka zancen fili da ƙwallo ba ya rabuwa da zancen tsaro da na malamai da na kasafin kuɗi, waɗanda ke hannun ma'aikatan da ke zaune a wannan ɗaki.

Ga ɗalibai kuwa, abin da nake so ku tafi da shi ya wuce kurket. Duk abin da aka tsare ga 'yan kaɗan, ko wasa ne, ko ilmi, ko sana'a, yakan tsufa tare da su. Duk wanda kuma ya guji karawa da wanda ya fi shi, ya zauna yana cin na ƙasa da shi, to zai daɗe bai san matsayinsa ba. Mutanen Ikko sun sha kashi da maki 22 a 1904, jikokinsu sun ci da maki 2 a 2025. Tsakanin waɗannan ranaku akwai shekara 121, kuma mafi yawansu an ɓata su ne saboda rashin raba iri. Ya rage gare mu mu ga cewa yaron Bakori da yarinyar Kafur ba su jira wasu shekarun kamar waɗannan ba.